Fiziks a Bakin Matan Fada: Me Ya Sa Ɗalibanmu Ke Haddace Abin da Ya Kamata Su Auna?

A bikin kamun kifi na Argungu da aka yi a watan Maris na 2020, bayan kimanin shekara goma ba a gudanar da shi ba, kifin da ya zo na ɗaya ya kai kilo 78 a kan sikeli. Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin kogin Matan Fada, inda ake kamun, ya san yadda abin yake. Muddin kifin yana cikin ruwa, masunci ɗaya ko biyu na iya janyo shi. Da zarar an iso gaɓa kuwa, sai majiya ƙarfi sun taru kafin a cicciɓa shi. Kifin dai shi ne, bai ƙaru ba, bai ragu ba. To me ya canza tsakanin ruwa da tudu?

Amsar tana cikin littafin fiziks da ake karantarwa a kowace babbar sakandare ta Jihar Kebbi. Ruwa yana tura duk abin da ya shiga cikinsa zuwa sama, da ƙarfin da ya yi daidai da nauyin ruwan da abin ya ture. Wannan ita ce ƙa'idar da Arkimidis ya gano fiye da shekara 2,200 da suka wuce. Ɗalibanmu da yawa za su iya kawo ta da Turanci tiryan-tiryan ba tuntuɓe. Amma a kai su bakin kogi a yi musu tambayar kifin nan, sai a ga sun yi tsuru-tsuru. Wannan giɓi da ke tsakanin abin da aka haddace da abin da ido ke gani shi ne babban ciwon koyar da fiziks a wajenmu. Ya kamata mu dube shi tun daga tushe: me ya haddasa shi, yaya wasu suka yi da nasu, kuma me ke hannunmu.

Ƙofar da ba a kewaye ta

Iyaye da yawa ba su san nauyin wannan darasi ba sai ranar da sakamako ya fito. Yaron da ke son karatun likita dole ya rubuta fiziks a jarrabawar JAMB tare da Turanci da kemistiri da bayoloji. Mai son zama injiniya shi ma dole ya rubuta shi tare da lissafi. Kafin nan kuma sai ya samu kiredit a WAEC ko NECO. Ke nan duk makarantar da ba ta da malamin fiziks na ƙwarai ta rufe wa 'ya'yanta hanyar zama likitoci da injiniyoyi, ko da kuwa suna da ƙwaƙwalwar yin hakan. Idan muna kukan ƙarancin likitoci a asibitocinmu, ko muna mamakin yadda ake ɗauko ma'aikatan injuna daga nesa su zo aiki a masana'antar shinkafa ta WACOT da aka buɗe a Argungu a 2017, to a ajin farko na babbar sakandare aka faro asarar.

Darasin da ke yawo a gari

Abin da ya fi ciwo shi ne, ba kasafai ake samun garin da fiziks ke bayyana a fili kamar Argungu ba. Dubi goran masunta. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, don haka goran da ke cin lita 30 zai iya ɗaukar abin da ya kusa kilo 30 kafin ya nitse. Yaya aka yi yake riƙe ƙato mai kilo 70? Saboda jikin mutum da ruwa kusan nauyinsu ɗaya ne idan girmansu ɗaya, ruwan da kansa ya riga ya ɗauke mafi yawan nauyin. Aikin goran kawai ya riƙe kai da kafaɗu a sama. Duk kifin da masunci ya jefa a ciki kuma, goran zai ƙara nitsewa gwargwadon nauyinsa. Wannan lissafin ne dai ke aiki a kan jirgin fito. In an yi masa lodi fiye da kima, bakinsa ya kusanci ruwa, sai igiyar ruwa ƙarama ta isa ta kifar da shi. Mutanen Kebbi ba su manta da hatsarin jirgin da ya auku kusa da Wara a ƙaramar hukumar Ngaski a watan Mayu na 2021 ba, inda aka yi asarar rayuka masu yawa.

Mu shiga fadama. Manomin shinkafar rani ya san cewa in ruwan rijiyar bututu ya ja baya, injin ban-ruwa zai yi ta ƙugi ba ya kawo komai, ko da sabo ne dal. Sai ya haƙa rami ya saukar da injin ƙasa, ruwa ya dawo. Ya kuma san sai ya ɗura wa injin ruwa kafin ya tayar da shi, kuma ɗan tsagi a jikin tiyo ya isa ya ɓata masa wuni. Dalilin duka ɗaya ne. Injin yana rage iskar da ke cikin tiyo ne kawai, nauyin iskar sararin sama da ke danne ruwan shi ke tura shi sama. Wannan nauyi kuwa yana da iyaka: ba zai ɗaga ruwa ya wuce kimanin mita 10.3 ba, a aikace ma da wuya a haura mita 7 zuwa 8. Irin wannan matsala ce ta masu famfo a Italiya ta sa Torricelli, almajirin Galileo, ya yi gwajinsa da zaiba a wajajen 1643, ya ga tana tsayawa a santimita 76 a cikin bututun gilashi, daga nan aka samu ma'aunin matsin iska. Ɗan manomin yana haddace wannan 76 ɗin a aji, uban yana haƙa rami a fadama, kuma ba wanda ya taɓa gaya musu cewa magana ɗaya suke yi.

Haka abin yake ga sola, wadda ta ƙara karɓuwa tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023. Mutane da yawa sun ɗauka cewa zafin rana shi ne abincin farantin sola. Haske ne abincinsa, zafi ma rage masa ƙarfi yake yi, da kimanin kashi 0.4 cikin ɗari a kan kowane digiri da ya haura 25. A tsakiyar bazara, lokacin da farantin kan iya kaiwa digiri 65, an yi asarar kusan kashi 16 cikin ɗari ke nan, ban da abin da ƙurar hunturu ke cinyewa a nata lokacin. Yaron da ya fahimci wannan zai san dalilin barin sarari a ƙarƙashin farantin don iska ta ratsa, da dalilin karkata shi kaɗan ya fuskanci kudu, tun da Argungu tana kusan digiri 13 ne arewa da tsakiyar duniya.

Ko randar da ke tsakar gida darasi ce. Ruwan da ke tsattsafowa ta jikinta yana ƙafewa, kuma kowane kilo da ya ƙafe yana tafiya da zafin da ya kai kimanin kilojul 2,400. Shi ya sa ruwan randa ya fi sanyi a lokacin busasshiyar iska fiye da tsakiyar damina. Da wannan ilimi ne marigayi Mohammed Bah Abba, malami a Jihar Jigawa, ya yaɗa dabarar sanya tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakaninsu, har kayan lambun da ke lalacewa cikin kwana uku suka riƙa yin makonni. Wannan aiki ya sa ya samu lambar yabo ta Rolex a 2000.

Ina gizo ke saƙar?

Na farko shi ne malami. Ba baƙon abu ba ne a makarantunmu, musamman na karkara, a tarar malamin lissafi ko na kemistiri ne ke riƙe da fiziks, ko kuma ɗan bautar ƙasa da zai tafi bayan shekara. Wanda bai zauna da darasi da gindinsa ba, ba zai yarda a yi masa tambayar da ba ta cikin littafi ba. Mafakarsa ita ce ya cika allo da rubutu, yara su kwafa. Ba laifinsa ba ne shi kaɗai, haka aka koya masa shi ma.

Na biyu shi ne ɗakin gwaje-gwaje. Jarrabawar WAEC tana da takarda guda ta gwaji da hannu, inda ɗalibi zai auna, ya cika jadawali, ya zana giraf. A makarantu da yawa kayan suna kulle a kabad, ba a fito da su sai jarrabawa ta ƙarato, lokacin da hukuma ta aiko da jerin abin da za a tanada. Yaro ya shekara biyu da rabi bai taɓa haɗa waya da batir da ma'aunin lantarki ba, sai a ce ya ƙware cikin mako biyu. Wannan daidai yake da a koya wa mutum iyo a kan tabarma, ranar gasa a tura shi kogi.

Na uku shi ne lissafi. Fiziks ba ya tafiya sai da shi. Yaron da ya baro ƙaramar sakandare bai iya juya lissafin haruffa ba, bai gane kaso da ninki ba, zai ga fiziks dodo ne, alhali rauninsa tun daga firamare ya faro.

Na huɗu shi ne harshe. Ɗalibin da ke tunani da Hausa, ko Zabarmanci, ko Fulatanci, ko Dakarci, yana ɗaukar kaya biyu a lokaci guda: ga sabon tunani, ga baƙon harshe. In kayan suka yi masa yawa, sai ya ajiye tunanin ya riƙe kalmomin, domin su ake ba maki. Gwamnatin tarayya ta amince da koyarwa da harshen uwa har zuwa aji shida na firamare a 2022, sannan ta janye manufar a ƙarshen 2025. Amma tun a 1970 Farfesa Babs Fafunwa da abokan aikinsa suka fara gwaji a Ile-Ife, inda aka koyar da yara darussa da Yarbanci tsawon shekara shida, aka kuma ga ba su gaza takwarorinsu ba, har a Turancin kansa. A ganina ba sai mun zaɓi ɗaya mun yar da ɗaya ba. A yi bayani da muhawara da harshen da yaro ke ji har ya gane, sannan a ba shi sunayen abubuwa da salon amsa jarrabawa da Turanci. Malamai nagari sun daɗe suna yin haka a ɓoye kamar masu laifi. Abin da ya rage shi ne a tsara shi, a horar da su a kansa.

Ciwon ba namu ba ne mu kaɗai

Kada wani ya ɗauka cewa wannan rauni ne na ɗan Arewa. Richard Feynman, wanda ya samu kyautar Nobel a fiziks a 1965, ya koyar a Burazil a farkon shekarun 1950, ya kuma ba da labarin ɗaliban da suka haddace dokokin haske sarai, amma suka kasa gane su a hasken da ke tashi daga tekun da ke gabansu. A Jami'ar Harvard ta Amurka, Eric Mazur ya gano a farkon shekarun 1990 cewa ɗalibansa suna warware lissafi mai wuya amma suna faɗuwa a tambayoyi masu sauƙi na fahimta. Sai ya sauya salo: ya jefa tambaya, kowa ya zaɓi amsa, sannan kowa ya juya ya shawo kan maƙwabcinsa, kafin malam ya sa baki. A 1998 Richard Hake ya wallafa nazarin da ya shafi ɗalibai fiye da 6,000 a azuzuwa 62, wanda ya nuna cewa inda ake sa ɗalibai tunani da muhawara da gwaji, ƙaruwar fahimtarsu ta ninka ta masu sauraron lacca kawai kusan sau biyu. Abin lura a nan shi ne, wannan salo ba ya bukatar wutar lantarki ko kuɗi, kuma ya dace da aji mai cunkoso irin namu.

A gida ma muna da abin koyi. A 1977 Jihar Kano ta kafa makarantun kimiyya na musamman a Dawakin Tofa da Dawakin Kudu, ta zaɓo yara ta hanyar jarrabawa, ta tara musu malamai da kayan aiki wuri guda. Likitoci da injiniyoyi da yawa da Kano da Jigawa ke alfahari da su yau daga nan suka fito. Darasin shi ne, in kayan aiki sun yi kaɗan, tattara su ya fi watsa su. Sai dai a yau duk mai maganar makarantar kwana a Kebbi dole ya haɗa da maganar tsaro, domin sace ɗaliban kwalejin tarayya ta Birnin Yauri a watan Yuni na 2021 ya sanya tsoro a zukatan iyaye, musamman iyayen 'ya'ya mata.

Gwajin da ba ya cin kuɗi

Ɗakin gwaji na zamani haƙƙin yaranmu ne, kuma ba za mu daina nema ba. Amma jiransa bai zama hujjar zama haka nan ba. A samo zare mai tsawon mita ɗaya, a ɗaura masa ɗan dutse, a rataye a ƙofar aji. A ja shi gefe kaɗan a sake. Yaro ɗaya ya riƙe agogon waya, sauran su ƙirga lilo 20, zuwa da dawowa. Za a samu kusan daƙiƙa 40, wato daƙiƙa 2 ga kowane lilo. Sai malam ya tambaya: in muka sa dutse mai nauyi fa? Yawanci za su ce zai fi sauri. A bari su yi gardama, sannan a gwada. Lokacin ba zai canza ba. A rage zaren zuwa santimita 25, sai lilon ya koma daƙiƙa ɗaya. Daga waɗannan alƙaluma yaran za su fitar da ƙarfin jan ƙasa da hannunsu, su samu abin da ya kusa 9.8, lambar da a da suke haddacewa ba su san daga ina ta fito ba. Gani ya kori ji.

Ko a kafa sanda a filin makaranta a riƙa auna inuwarta da tsakar rana kowane mako. Yaran za su ga tana gajarta har ta kusa ɓacewa a ƙarshen Afrilu, ta koma ɗaya gefen, sannan ta sake ɓacewa bayan tsakiyar Agusta. Wannan ba baƙon ilimi ba ne a ƙasar Kabi da Gwandu, domin malaman zaure sun daɗe suna koyar da gane zawali da shigar la'asar ta hanyar awon inuwa. Shi ma Ibn al-Haisam, wanda ya rayu a Basra da Alƙahira kimanin shekara dubu da suka wuce, da ɗaki mai duhu da ƙaramar kafa ya nuna cewa haske a miƙe yake tafiya. Duk iyayen da ke ganin kimiyya kayan wasu ne, ya dace a ba su wannan tarihi.

Akwai masu cewa irin wannan koyarwa ɓata lokaci ce, manhaja tana da faɗi, jarrabawa kuma ba ta tambayar gora ko randa. Maganarsu tana da ƙamshin gaskiya, domin gora ba zai koya wa yaro ƙwayar zarra ba, kuma misali ba ya maye gurbin zama a warware lissafi. Amma wanda ya gane abu sau ɗaya ba ya bukatar ya haddace shi sau goma. Lokacin da aka kashe a gwaji yana dawowa a wajen bita.

Nauyin da ke kan manyan makarantu

Kebbi ba ta rasa cibiyoyi ba. Ga Kwalejin Ilimi ta Adamu Augie a cikin Argungu, ga jami'ar kimiyya da fasaha ta jiha a Aliero da aka kafa a 2006, ga Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi da aka kafa a 2013, ga Kwalejin Fasaha ta Waziri Umaru. A maƙwabta kuma ga Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da cibiyarta ta binciken makamashi a Sakkwato. Masu takardar NCE da kwalejin ilimi ke yayewa su ne ke fara haɗa yaro da kimiyya a firamare da ƙaramar sakandare, masu digiri kuma su karɓe shi a babbar sakandare. In an koyar da waɗannan ta hanyar kwafar allo, da kwafar allo za su koyar. Don haka gyaran daga nan zai fara: kada a yaye malamin kimiyya sai ya nuna zai iya haɗa gwaji da kayan da ake samu a kasuwar garinsu.

Jami'o'i kuma suna da dama a hannu. Sabuwar manhajar da hukumar NUC ta fitar a ƙarshen 2022 ta bar wa kowace jami'a kashi 30 cikin ɗari ta tsara da kanta. Me zai hana sassan fiziks na Kebbi su cika wannan gurbi da bukatun kwarin Rima: binciken ruwan ƙarƙashin ƙasa kafin haƙa rijiyar burtsatse, famfon sola, busar da shinkafa da albasa, awon ruwan sama da hasashen ambaliya? Hakan zai kuma amsa tambayar da ɗalibai ke yi, wai in ka karanta fiziks me za ka zama ban da malami. Da yawa daga cikin masu shiga sashen sun nemi likitanci ne ko injiniyanci ba su samu ba, suna zaune da sanyin gwiwa. Ya kamata tun a shekarar farko a nuna musu cewa ana bukatarsu a sashen gashin ciwon daji na asibitocin koyarwa, da hukumar hasashen yanayi, da kamfanonin sadarwa, da cibiyar binciken makamashi ta Zariya, wadda ke da tukunyar nukiliya ta bincike tun 2004.

Abin da ya rage gare mu

Gwamnan Kebbi na yanzu, Nasir Idris, tsohon shugaban ƙungiyar malamai ta ƙasa ne, don haka ba sai an yi masa dogon bayani a kan darajar malami ba. Abin da ake bukata daga gwamnati a fili yake: a ƙirga makarantun da ba su da ƙwararren malamin fiziks a faɗa wa jama'a, a ɗauki malamai, a ba masu zuwa karkara alawus da zai zaunar da su, a kuma tanadi ɗakin gwaji ɗaya mai kyau da makarantun da ke kusa da juna za su riƙa amfani da shi bi da bi. Kwalejin Adamu Augie da jami'o'in nan biyu na Aliero da Birnin Kebbi su riƙa tara malaman sakandare a lokacin hutu suna yin gwaje-gwaje tare. Masarautar Argungu, wadda bikinta ya shiga jerin al'adun duniya na UNESCO a 2016, za ta iya ware fili a bikin don gasar ƙirƙira ta 'yan makaranta, maza da mata, da kyauta mai tsoka. Tsofaffin ɗalibai da 'yan kasuwar shinkafa kuwa, kuɗin batir da waya da ma'auni ba zai gagare su ba.

Iyaye ma suna da rawar takawa, ko da ba su taɓa shiga aji ba. Shugaban makaranta yana gyara abin da ya san za a tambaye shi a kai. A taron iyaye da malamai na gaba, bayan an gama maganar kuɗin jarrabawa, wani ya miƙe ya tambaya: sau nawa yaranmu suka yi gwaji da hannunsu a wannan zango, kuma wa ke koya musu fiziks? In aka yi wannan tambaya a Argungu da Augie da Gulma da Kangiwa, aka kuma maimaita ta kowane zango, za a buɗe kabad ɗin nan tun kafin jarrabawa ta zo.